Yadda Ake Kamun Kifin Turawut da Salmon ta Ramin Ƙanƙara a Tafkunan Tsaunukan Kolorado

Daga watan Disamba zuwa Maris, yawancin tafkunan da ke kan duwatsun Roki a jihar Kolorado ta Amurka sukan daskare har mutum ya taka samansu da ƙafa, kuma a wannan lokaci ne masunta ke huda ƙanƙarar su zura fatsa don kifin da ke yawo a ƙarƙashinta. Tafkin Blue Mesa da ke kusa da garin Gunnison, wanda ya samu daga madatsar ruwan da aka kammala a 1966, shi ne mafi girma a jihar, kuma yana kan tudun da ya kai kimanin mita 2,290 sama da teku. Tafkunan Granby da Eleven Mile sun fi shi tudu, domin dukansu sun haura mita 2,500. Mai son fara wannan su yana bukatar sanin abu biyu tun kafin ya zuba kuɗinsa a kayan aiki, wato yadda zai tabbatar cewa ƙanƙarar za ta ɗauke shi, da yadda zai gano zurfin da kifin yake a ranar da ya fita.

Ba a sanin ƙarfin ƙanƙara da ido daga bakin gaɓa, kuma ganin sawun wasu a kanta ba hujja ba ce. Awo ake yi. Ƙa'idar da hukumomin kula da su suka saba bayarwa ita ce kada mutum ya hau da ƙafa sai kaurin ya kai inci 4, wato kusan santimita 10, kuma wannan awo na sabuwar ƙanƙara ce garau mai kama da gilashi, wadda mutum kan hango duhun ruwa ta cikinta. Farar ƙanƙara mai launin madara, wadda ke samuwa idan dusar ƙanƙara ta jiƙe ta sake daskarewa, ƙarfinta kusan rabin na garau ne saboda iskar da ta maƙale a cikinta, don haka sai an ninka awon kafin a amince da ita. Ka riƙe dagi mai nauyi, ka riƙa dukan gabanka da shi kafin kowane taku, idan dagin ya huda ko ruwa ya ɓullo da duka ɗaya, ka juya ta hanyar da ka biyo. Ka huda ramin gwaji kusa da gaɓa ka auna, sannan ka ci gaba da hudawa kana aunawa yayin da kake shiga ciki, domin kauri yakan canza a tazarar 'yan taku kaɗan.

Akwai wani abin da ya keɓanta da waɗannan tafkuna wanda baƙo bai cika lura da shi ba. Yawancinsu madatsun ruwa ne, ana sakin ruwansu ana kuma ƙara shi ko a tsakiyar hunturu, saboda haka idan ruwan ya ja baya sai ƙanƙarar bakin gaɓa ta karye ta jingina a kan duwatsu, idan kuma ya ƙaru sai a sami sabon gefe marar kauri tsakanin ƙasa da tsohuwar ƙanƙara. Wannan ne ya sa taku goman farko da goman ƙarshe suka fi hatsari a rana. Haka nan a guji mashigar kogi da mafitarsa, da maƙurar da ruwa ke gudu a ƙarƙashi, da tudun da ke tasowa inda manyan faya-fayan ƙanƙara biyu suka matsi juna. A Blue Mesa, ɓangaren gabas da ake kira Iola shi ke fara daskarewa saboda bai kai sauran zurfi ba, alhali wuraren da ke kusa da madatsar sukan jima a buɗe, don haka labarin kaurin da aka ba ka na wani sashe bai shafi wani sashen ba.

Kada ka fita kai kaɗai, kuma ku bar tazara tsakaninku idan kuna tafiya. Ka sa rigar da ke hana nutsewa, ka rataya a wuya tsinkayen ƙarfe guda biyu masu mariƙi waɗanda aka haɗa da igiya, abokin tafiyarka kuma ya riƙe doguwar igiyar jefawa. Idan ƙaddara ta sa ka rufta, minti na farko na shawo kan numfashi ne, domin sanyin ruwan yana sa mutum haki ba da son ransa ba, kuma a nan ne ake shaƙar ruwa. Bayan haka kana da kimanin minti goma kafin hannaye su daina yi maka biyayya. Ka fuskanci inda ka fito, tunda wannan ƙanƙarar ta riga ta ɗauke ka, ka kafa tsinkayen, ka miƙe ƙafafu a baya kana harbin ruwa har ƙirjinka ya hau, sannan ka mirgina nesa da ramin maimakon ka miƙe tsaye.

Batun doka gajere ne amma ba a wasa da shi. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi lasisin su daga hukumar kula da gandun daji da namun daji ta jihar, kuma sanda ɗaya aka yarda masa sai ya biya kuɗin hatimin sanda ta biyu. Faɗin rami ba zai wuce inci 10 ba. An hana amfani da kifi mai rai a matsayin koto a waɗannan tafkuna na tudu, yawan kifin da za a tafi da shi gida kuma ya bambanta daga tafki zuwa tafki, saboda haka ka karanta littafin dokokin shekarar game da tafkin da ka nufa takamaimai.

Wanda ya taso a ƙasar zafi yakan ɗauka babbar riga ɗaya mai kauri ta wadatar, alhali abin da ke aiki shi ne sutura hawa-hawa: ta jikin fata wadda ba ta riƙe gumi, sai ta ulu, sai ta waje mai tare iska. A guji auduga, domin idan ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Takalmi ya zama mai hana ruwa, a ɗaura masa ƙarafa masu tsini a ƙasa saboda santsi, a kuma sa baƙin tabarau, tunda hasken rana da ke dawowa daga dusar ƙanƙara a irin wannan tudu yana ƙona ido. Iskar can ba ta kai ta ƙasa yawa ba, mai zuwa daga nesa yakan ji ciwon kai da kasala, maganinsa kuwa shi ne ya kwana ɗaya ko biyu a gari irin Denver kafin ya hau, ya kuma yawaita shan ruwa ko bai ji ƙishi ba.

Kayan kamun kifin kansu ba su da yawa. Ana bukatar mahujin ƙanƙara mai faɗin inci 6 zuwa 8, na hannu ko na batir, da ludayi mai huji don kwashe ɓarɓashin ƙanƙara daga ramin, da gajeriyar sandar fatsa wadda ba ta kai mita ɗaya ba, mai laushin baki ta yadda ƙaramin taɓi zai bayyana a kanta. Ruwan tsauni garau yake, kifin yana ganin zare mai kauri, don haka a yi amfani da siririn zare marar launi mai ɗaukar kilo 1 zuwa 2, sai dai idan manyan kifi aka nufa a ninka shi. A ra'ayina, bayan kayan tsira, babu abin da ya cancanci kuɗin mai koyo kamar na'urar da ke nuna zurfin ruwa da motsin kifi, saboda ita ce ke raba mai su da mai zaman jira.

Dalilin haka yana cikin halin ruwan. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, shi ya sa a hunturu wanda ke dab da ƙanƙara ya fi sanyi, mai ɗan dama-daman kuma ya kwanta a ƙasa. Da yake kifayen nan na ruwan sanyi ne, babu zafin da ke korar su zuwa zurfi kamar a bazara, sai kowane iri ya bi abincinsa. Turawut mai zanen bakan gizo a gefe yakan zaga kusa da gaɓa, a ruwan da bai wuce mita 2 zuwa 6 ba, musamman bakin ciyayin ƙarƙashin ruwa inda ƙwari ke ɓuya, kuma ya fi ci daga ketowar alfijir zuwa hantsi. Ana kama shi da 'yar ƙugiya mai kan dalma wadda aka soka wa tsutsa irin wadda shagunan kayan su ke sayarwa. A saukar da ita har ta taɓa ƙasa, a ɗaga ta kamar kamu ɗaya, a ɗan karkaɗa bakin sandar, sannan a tsaya cak, domin a lokacin tsayawar ne ya fi kawo baki. A irin wannan ruwa marar zurfi, jan kaya da buga ƙafa a kan ƙanƙara suna korar kifi.

Salmon ɗin waɗannan tafkuna shi ne wanda ake kira kokani, ɗan asalin jinsin da ke zuwa teku ne amma shi yana ƙare rayuwarsa a ruwan daɗi, yana mutuwa bayan ya yi ƙwai yana da shekara uku ko huɗu. Abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da ido bai cika gani ba, kuma garke-garke yake yawo a tsakiyar ruwa mai zurfi, ba a ƙasa ba, ba kuma a sama ba. Mutum na iya wuni a kan ramin da kokani ke wucewa ƙarƙashinsa bai kama ko ɗaya ba, don kawai ƙugiyarsa tana mita uku ƙasa da su. Idan na'ura ta nuna garke, a ɗago koton ya tsaya ɗan sama da su, domin sama suke kallo. Masunta sukan ɗaura ɗan ƙarfe mai sheƙi a saman ƙugiya don ya jawo hankalin garken, ƙugiyar kuma ta zama ja ko ruwan hoda, a soka mata ƙwayar farar masara ta gwangwani. Bakin kokani yana da taushi ƙwarai, fizga da ƙarfi yana yaga shi, saboda haka a ɗaga sandar a hankali a riƙa naɗe zare ba tare da an bar shi ya saki ba.

Babban cikinsu shi ne turawut na zurfi wanda mutanen yankin ke kira makino, wanda Granby da Blue Mesa suka shahara da shi, kuma kokani na cikin abin da yake farauta. Ana nemansa kusa da ƙasa a zurfin mita 10 zuwa 30, a inda tudun ƙarƙashin ruwa ya gangara kwatsam, da babbar ƙugiya mai farar rigar roba wadda aka maƙala wa yankan naman mataccen kifi. A riƙa buga ta a ƙasa ta tayar da laka, idan kuma an ga kifi ya biyo ta bai ci ba, sai a naɗe zaren sama kamar koton yana tserewa, wannan ne yakan sa ya kai hari. Ƙaton makino ya fi kuɓucewa a bakin rami, don haka a sassauta birkin manaɗin zaren, a bar shi ya gaji, kada a ja shi sai kansa ya daidaita da ramin.

Idan rabin awa ta wuce babu alamar kifi, ka tashi ka huda wani ramin a wani zurfin, gara ramuka goma a jere daga gaɓa zuwa ciki da zama a kan guda. Kifin da za a mayar kada ya taɓa dusar ƙanƙara ko ya daɗe a iska, domin idanunsa da wurin numfashinsa na gefen kai suna saurin daskarewa, a cire ƙugiyar yana bakin rami a tura shi da kai gaba. Masu kafa tanti su kunna murhun gas a ciki su bar kafar iska a buɗe, saboda gubar da murhun ke fitarwa ba ta da wari, kuma ciwon kai ko jin barci a cikin tanti alama ce ta a fito nan take. Idan Maris ya shigo, ƙanƙarar takan ruɓe daga ciki ta koma launin toka ko da kaurinta bai ragu ba, a lokacin awon inci 4 ya daina aiki, kuma gefen da ya ɗauke ka da asuba yana iya zama ruwa kafin la'asar.