Yadda za ka gane ko kan wa aka sassaƙa a jikin tsohon gini

Duk wanda ya zaga tsoffin unguwannin biranen Turai ya ga kawunan dutse suna leƙowa daga saman ƙofofi da tagogi. Da yawa kan ɗauka duk sarakuna ne, alhali wasunsu ma ba mutane ba ne.

Da farko, ka fita da hantsi ko da la'asar, lokacin da haske ke zuwa a karkace. Da rana tsaka inuwa kan cika ramin idanu, kamannin su ɓace. Ka tsallaka ɗaya gefen titi, ka jawo fuskar kusa da kyamarar wayarka.

Sai ka duba inda aka ɗora kan. Idan a tsakiyar bakan ƙofa ko na taga yake, fuska kawai ba wuya, galibi ado ne, wanda Faransawa ke kira maskaron. Gadar Pont Neuf ta birnin Paris, da aka kammala a 1607, tana da irinsu 381. In kuwa har da kafaɗu da ƙirji, an kuma keɓe masa gurbi, to sanannen mutum ake tunawa. A gaban ginin Jefferson na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, da aka buɗe a 1897, akwai guda 9, ciki har da ɗan siyasar Amurka Benjamin Franklin da marubucin Jamus Goethe. Ka nemi sunan a kusa, sau da yawa yana nan, ƙura ce ta rufe shi.

Daga nan ka ƙura wa abin da ke bisa kan ido, a ganina nan ne daɗin abin yake. A ginin kwastan na Dublin, wanda aka gama a 1791, Edward Smyth ya sassaƙa kawuna 14 masu wakiltar koguna 13 na ƙasar Ailan da Tekun Atlantika. Kowanne an naɗa masa kambi na abin da yankinsa ke samarwa, kifi ko zangarniyar hatsi ko 'ya'yan itace, kuma kogin Liffey ne kaɗai mace. Amma kada kambi ya sa ka yi saurin yanke hukunci. A 1793 'yan juyin juya halin Faransa sun sare kawunan mutum-mutumi 28 na cocin Notre-Dame da ke Paris bisa zaton sarakunan Faransa ne, alhali sarakunan Yahuza ne na cikin Littafi Mai Tsarki. Sai a 1977 aka tono 21 daga ciki a binne, yanzu suna gidan tarihi na Cluny a Paris.

Sannan ka tambayi kanka: wannan ne na asali? Ruwa da hayaƙi kan fara cinye hanci da leɓe. In ka ga hanci tsaf, gashi na nan layi-layi, dutsen ya fi na bangon haske, wataƙila sabo ne. Kawuna 13 masu gemu da ke gaban zauren taro na Sheldonian a birnin Oxford na Ingila zubi na uku ne, Michael Black ya sassaƙa su daga 1970 zuwa 1972.

In hannunka zai kai, don Allah kada ka shafa, kada ka goge. Tsohon dutse na iya marmashewa kamar garin gishiri. Ka ɗauki hoto biyu, na kusa da na dukan ginin, ka rubuta sunan titi da lambar gida kafin ka wuce.