Yadda ake kallon garken ɓaunar Amurka a gandun dajin Yellowstone

Yellowstone gandun daji ne a cikin duwatsun Rocky na ƙasar Amurka. Mafi yawansa yana jihar Wyoming, sai gefe-gefensa da suka shiga Montana da Idaho. An keɓe shi tun 1872, kuma nan ne kaɗai wurin da ɓaunar Amurka ba ta taɓa yankewa ba a duk faɗin ƙasar tun zamanin da. Ba irin ɓaunar Yankari ba ce: wannan tana da tozo babba, da gashi mai kauri a kai da kafaɗu, da gemu, da gajerun ƙahoni. Zuwa 1902 mafarauta sun kusa ƙarar da su, 'yan ashirin da wani abu suka rage a kwarin Pelican. Yanzu garken ya kai dubbai, yana yawo ba shinge. Ganinsu ba wuya. Aikin yana wajen sanin lokaci, da wuri, da iyakar da mutum zai tsaya.

Mataki na farko: zaɓi wata

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ake haihuwa. Maruƙan jajaye ne kamar ƙasa, sai bayan 'yan watanni su rine su koma duhu irin na uwa. Tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta lokacin barbara ne, kuma shi ya fi abin kallo: garkuna suna haɗuwa ɗaruruwa a fili ɗaya, bijimai suna ruri, suna birgima cikin ƙura, suna karo da juna. Shi ne kuma lokacin da suka fi saurin fushi, ga cunkoson baƙi. Wanda ke son natsuwa ya je a Satumba. Daga farkon Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Afrilu ana rufe yawancin hanyoyin mota saboda dusar ƙanƙara, sai hanyar da ta tashi daga garin Gardiner ta bi ta Mammoth, hedikwatar gandun, zuwa garin Cooke City, wadda ke buɗe duk shekara.

Mataki na biyu: wane kwari?

Kwari biyu ne suka yi suna. Kwarin Lamar yana arewa maso gabas, tsakanin mararrabar Tower da ƙofar da ke fita Cooke City. Fili ne shimfiɗaɗɗe, kogi ya ratsa shi, titi na bin gindin tudu, don haka daga cikin mota kana hangen komai. Kwarin Hayden yana tsakiya, tsakanin Canyon da tafkin Yellowstone, amma hanyarsa na cikin waɗanda ake rufewa da hunturu. Idan kwana ɗaya gare ka, Lamar za ka nufa. Ka sauka filin jirgin Bozeman, ka ɗauki hayar mota, tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa Gardiner, ka kwana can. Babu motar haya da ke zirga-zirga a cikin gandun, sai dai ka shiga ayarin kamfanonin yawon buɗe ido.

Kuɗin shiga dala 35 ne na mota ɗaya tsawon kwana 7. Daga 2026 an ɗora wa baƙon da ba mazaunin Amurka ba ƙarin dala 100 a kan kowane mutum mai shekara 16 zuwa sama, saboda haka ka sa wannan a lissafi tun daga gida.

Mataki na uku: kaya

Madubin hangen nesa shi ne kan gaba. Mai lamba 8x42 ko 10x42 ya isa. Abin da ya wuce haka rawar hannu za ta hana ka gani sosai in ba ka da ƙafar dasawa. Mai son hoto ya nemi kyamarar da gilashinta ya kai milimita 300 ko 400. Wayar hannu ita ce ke jefa mutane a rami: a cikin allo dabbar tana fitowa ƙarama, sai mai hoto ya riƙa matsawa taku-taku bai sani ba.

Ka tafi da rigar sanyi ko da a Yuli ne, domin kwarin yana kusan mita 2,000 sama da teku, da asuba sanyi kan kai ruwa ya daskare, da rana kuma ka cire. Ruwan sha, guzuri, da taswirar takarda da ake bayarwa a ƙofa, don sabis ɗin waya yankewa yake. Cika tanki a Gardiner. In za ka bar titi ka taka sayyada, riƙe feshin barkonon korar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da manyan farata. Ba a yarda a hau jirgi da shi ba, can za ka saya. Jirgi marar matuƙi haramun ne a gandun baki ɗaya.

Mataki na huɗu: sammako da tuƙi

Da bazara rana kan fito wajen biyar da rabi zuwa shida. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, domin daga Gardiner zuwa Lamar sai ka ci fiye da awa guda. Da safe da yammaci suke kiwo suna ƙetare titi. Da tsakar rana kwanciya suke suna tuƙa, sau da yawa can nesa.

Iyakar gudu mil 45 ne a awa, wato kimanin kilomita 72, wasu wuraren ƙasa da haka. Da duku-duku ko dare ka rage sosai. Jikinsu duhu ne, fitila ba ta nuna su sai ka zo dab, kuma bijimi ɗaya na kai kilo 900. Idan ka hango garke, kada ka ci birki a tsakiyar titi. Nemi wurin fakin da aka tanada a gefe, ka fitar da ƙafafun motar huɗu daga kan layi. In kuma su suka tare hanya, tsaya cak a cikin mota, kada ka yi hon, kada ka kutsa tsakaninsu, kada ka zuro hannu ta taga. Za su wuce a lokacin da suka ga dama, wani sa'in suna gogar madubin motar.

Mataki na biyar: tazara

A nan ne ake samun matsala. Doka ta ce mita 23 tsakaninka da ɓauna, mita 91 tsakaninka da beyar ko kyarkeci. Mita 23 kusan taku 30 ne na babban mutum. Akwai gwaji mai sauƙi: miƙa hannu, ɗaga babban yatsa, rufe ido ɗaya. Idan yatsan bai rufe dabbar gaba ɗaya ba, ka yi kusa, ja da baya.

Wanda ya tashi cikin shanu shi ya fi bukatar wannan gargaɗi. Yanayin kiwonsu, da tuƙa, da kaɗa wutsiya duk irin na shanun ruga ne, sai zuciya ta saki. Amma ba su san sanda ba, ba su san makiyayi ba. Suna gudun kilomita 55 a awa, ninki uku na gudun mutum, suna juyawa nan take, suna tsallake shinge. A Yellowstone babu dabbar da ta raunata mutane kamar su, har beyar ba ta kai su ba.

Dokar ba ta duba wanda ya matso. Idan kana tsaye ɓauna ta nufo ka, kai ne za ka kauce. Shi ya sa ya fi kyau ka tsaya kusa da mota, ƙofa ba kulle, yara a hannunka. Kada ka bari garke ya shiga tsakaninka da motar, kada kuma ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko tsakanin bijimi da macen da yake gadi.

Mataki na shida: karanta jikinta

Wutsiya za ka fara dubawa. Idan tana rataye tana kaɗawa, lafiya lau. Idan ta miƙe sama, ko dai kashi za ta yi ko ta kawo hari, kuma ba kai ne za ka tsaya tantancewa ba. Sauran alamu: ta daina kiwo ta zuba maka ido, tana gyaɗa kai sama da ƙasa, tana tonon ƙasa da kofato, tana huci, ko ta yi ɗan yunƙuri ta tsaya. Da ka ga ɗaya daga ciki, bar wurin. In ta taso, ruga ka sa wani abu mai ƙarfi tsakaninku, mota ko bishiya ko dutse. A fili ba za ka tsere mata ba. Idan ta biyo ka kuma kana da feshin barkono, fesa mata kana ja da baya.

Da ka samu tazara, sai kallo. Dubi bijimi yana birgima: yakan faɗi a gefe ɗaya, ya harba ƙafafu, ƙura ta turnuƙe, ya tashi ya koma ɗaya gefen, domin tozon ba ya barinsa ya juye gaba ɗaya. Da haka suke kakkaɓe ƙwari da tsohon gashi, kuma waɗannan ramukan marasa ciyawa da za ka gani a fili nasu ne. Da hunturu kuma tozon ne ke aiki: naman wuya ne mai ƙarfi da ke ba ta damar kaɗa kai hagu da dama tana share dusar ƙanƙara har ta kai ga ciyawa.

Maraƙin da ka gani shi kaɗai

Kada ka taɓa shi, ko da yana rawar sanyi, ko da yana kuka a bakin kogi. A 2016 wasu baƙi sun ɗauki maraƙi a motarsu don tausayi. Jami'ai sun yi ta ƙoƙarin mayar da shi, garken ya ƙi karɓarsa, ya koma bin motoci da mutane, ƙarshe dole aka kashe shi. Irin haka ta sake faruwa a Lamar a 2023. Ba su abinci, da yi musu fito ko kwaikwayon kukansu don su ɗago kai, duk laifi ne da ake cin tara a kai. Abin da za ka yi shi ne ka lura da wurin, ka gaya wa jami'in gandu a Tower ko Mammoth. Idan wani ne ya ji rauni, kira lambar gaggawa 911, in babu sabis ka tura mai mota zuwa ofishin jami'ai mafi kusa.