Koren kwaz a zobe: kurakuran da aka fi yi wajen saye da wajen maƙeri

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne biyan farashin zumurrudu a kan koren kwaz, wato koren nau'in dutsen nan mai sheƙi da ake kira quartz da Turanci. A kasuwannin Balogun da Idumota na Legas za ka ji ana kiransa "koren ametis", alhali sunansa farasiyolait, kuma dutse ne mai araha. Wanda ya fito kore daga ƙasa ba shi da yawa. Galibin na kasuwa ametis ne (wato kwaz mai launin shunayya) ɗan Barazil da aka gasa a zafin kusan digiri 500, ko kwaz da aka haska da tururin gama, wani irin tururin nukiliya, har ya juye kore. Wannan ba aibi ba ne, muddin mai kaya ya faɗa. Koren sa haske ne, irin na ruwan ganyen shayi. Idan ka ga kore shar, yi tsammanin gilashi ne ko rini. Duba da madubin ƙara girma: gilashi yakan nuna ƙananan kumfa a ciki, rinanne kuwa launin yakan taru a cikin tsage-tsage. Goga shi da auduga mai ruwan cire janfarce, wani rinin nan take zai fito.

Na biyu, sayen ƙarami. Tunda launin ba shi da ƙarfi, dutsen milimita 4 ko 5 sai ya zama kamar ba launi. Nemi mai siffar ƙwai, milimita 10 da 8, mai nauyin wajen karat 2.5. Yi ciniki da milimita, domin da ita maƙeri ke yanka gurbi. Kuma fito da shi bakin shago ka gani a hasken rana, fitilar shago tana yi wa kowane dutse kwalliya.

Sai ɗauri. Taurin kwaz 7 ne a ma'aunin Mohs, lu'ulu'un daimon 10. Yashi da ƙurar titi ma akwai kwaz a cikinsu, don haka gefunan dutsen sukan dushe a hankali. Mutane na son a ɗaga shi sama a kan ƙafafun ƙarfe huɗu sirara masu riƙe dutsen, su kuwa ƙafafun nan suna kama leshi da mayafi, su buɗe, dutse ya faɗi a cikin danfo. Ce wa maƙeri ya zagaye shi da bakin ƙarfe, ko ya sa ƙafafu shida masu kauri, ya kuma bar ƙasan gurbin a buɗe don wanki. Gwal mai lamba 22 ya yi laushi ga ƙafafu, mai lamba 18, mai hatimin 750, ya fi riƙo. Jan gwal yana mayar da koren ya yi rawaya-rawaya. Azurfa 925, wadda maza ke sawa, ta fi fito da shi, sai dai danshin Legas yana sa ta baƙi da wuri, tana son goga.

A gwada yatsa da yamma, lokacin da ya ɗan kumbura. In aka yi kuskure aka koma gyara, lallai a cire dutsen kafin a kawo wuta, don zafi yana kashe launin ko ya tsaga shi. Daɗewa a rana ma tana koɗar da shi, kada a bar zoben a gaban mota ko bakin taga. Wanki kuwa ruwan ɗumi ne da sabulu da buroshi mai laushi, a cire zoben kafin a taɓa bilic, a ajiye shi a ƙyallensa daban, nesa da daimon don kada ya karce shi.