Yadda ake ziyartar tsohon layin dogon Hijaz da ƙauyukansa daga Madina

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne jirgin Hijaz ba ya tafiya a Saudiyya yanzu. Wasu cikinmu mazauna Madina na haɗa shi da jirgin Haramain mai zuwa Makka, alhali babu abin da ya gama su. Na Hijaz, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulhamid na biyu, ne ya sa aka fara gina shi daga Dimashƙu a 1900, ya iso Madina a 1908 bayan ya ratsa kilomita kusan 1,300. Tawayen Larabawa da ya ɓarke a 1916 ya daddatse shi. Abin da ya rage tashoshi ne na dutse da ragowar taragai, kuma da mota ake bin su.

A fara da tashar Anbariyya da ke cikin gari, wadda aka mayar gidan tarihi. Nan mutum zai ga kan jirgi da taragai kusa da kusa, ya lura da ƙanƙantar layin: tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,050 ne kacal. A tabbatar a buɗe take kafin a kama hanya, don akan rufe ta idan ana gyara. Masallacin Anbariyya na daura da ita.

Daga nan sai a yanke shawarar iyakar tafiyar. Mai yini ɗaya ya nufi Buwair, kusan kilomita 100 arewa maso yammacin Madina, inda tasha da taragai ke tsaye cikin shinge. Mai kwana biyu ya wuce Al-Ula, tafiyar kimanin awa huɗu, ya kama masauki tun yana gida. Tashar Mada'in Salih na cikin yankin Hijr, wurin tarihi mai kaburburan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, wajen kilomita 20 daga Al-Ula, kuma ba a shiga Hijr da ka: tikiti ake saya ta intanet, motar masu kula da wurin ce ke zagawa da baƙi. Wanda ya je babu tikiti ranar Juma'a ko Asabar, sau da yawa a bakin ƙofa yake ƙarewa. A tuna kuma hadisin da ya hana shiga gidajen mutanen Hijr sai da kuka, ba wurin shewa ba ne.

Wahalar tana wajen tashoshin jeji irin Hadiyya, inda kan jirgi ke kwance a gefensa cikin rairayi. Ƙaramar mota ba ta zuwa, sai mai jan ƙafa huɗu, kuma motoci biyu, don idan ɗaya ta kafe ɗayar ce za ta janyo ta. A cika tanki a gidan mai na ƙarshe. A ɗauki ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a yini, da shebur, da igiyar ja, da safayar taya, da famfon iska. Idan an sauka daga kwalta aka shiga yashi mai laushi, a rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin iska na PSI, tayar ta baje ta daina nutsewa. Inda ake tafka kuskure shi ne dawowa: a hau kwalta da gudu ba a mayar da iskar ba, tayar ta yi zafi ta fashe. Idan mota ta kafe, a ɗaga ƙafa daga totur, ƙara wuta rami kawai yake haƙa mata. A sauke taswira a waya tun a gida, sabis yana ɗaukewa.

Nuwamba zuwa Maris ne lokacin zuwa. Da bazara zafi na haura digiri 40. Sai dai damunar yankin da sanyi take zuwa, kuma tsohon layin ya bi kwaruruka da yawa. Kada a yada zango a cikin kwari ko da sama garau take, ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yakan gangaro ba sallama.

A ƙauyuka, sallama ce ke buɗe ƙofa. Kada a ɗauki hoton mata ko cikin gida, kada a kutsa gonar dabino ba izini. In an miƙo gahawa a karɓa da dama, in ta isa a ɗan girgiza finjalin, in ba haka ba za a yi ta zubawa. A tsohon garin Al-Ula, mai gidajen laka kusan 900 manne da juna, a nemi Tantura, ginin da manoma ke duba inuwarsa su san shigowar hunturu. Dabinon barni da lemun garin sun cancanci tsaraba.

Iƙama (katin izinin zama) ko fasfo su kasance a aljihu saboda shingen bincike. Ƙusa ko guntun ƙarfen layi kuwa, a bar shi inda aka gan shi: dokar kayan tarihi ta hana ɗauka, kuma akwai tara.