Yadda ake neman diyya idan canjin ruwan famfo ya yi maka ɓarna a gida

Da yawa daga masu irin wannan ƙara tun ranar da suka kira mai gyaran famfo suke faɗuwa. Ya yanke bututun da ya fashe, ya sa sabo, ya jefa tsohon a bola, hujja ta tafi ke nan. Abin da kotu ke so ka nuna shi ne canjin da hukumar ruwa ta yi ne ya jawo ɓarnar, alhali lauyan hukuma da tsufan bututunka zai fara kare kansa.

Da farko rufe ruwan daga wajen mita, ka ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai: bango, silin, kayan ɗaki, har da lambar da mita ke nunawa. Sannan ka tsayar da yoyon, domin ɓarnar da ta ƙaru bayan ka gani ka ƙyale, a kanka za a lissafa ta.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙar: a yanke bututun da tazarar kamar santimita 30 kowane gefe na wurin da ya huje. Kada a wanke shi, kada a kankare cikinsa, domin dattin da ya manne ciki shi masani zai duba. Rubuta kwanan wata, da inda aka ciro shi, da inda ruwa ke fuskanta, ka sa a leda mai gyara ya sa hannu. Haka za ka yi da robobin tankin bayan gida da na hita. Ƙananan huji kamar na allura a bututun tagulla galibi alamar ruwa ne mai cin ƙarfe. Roba da ta yi laushi tana baƙanta yatsa tana nuni ga kuloramin, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da hukuma ke sa wa ruwa. Tsagewa a mahaɗar bututu kuwa ta fi kama da aikin matsin ruwa.

Na uku, auna. Ka ɗaura ma'aunin matsi mai allura biyu a famfon waje ya kwana, saboda da dare matsi ya fi hawa. Ana auna matsi da awon da ake kira "bar": bar 3 zuwa 4 daidai ne a gida. Abin da ya haura bar 5.5 ya yi yawa. Don gwajin dalma ko tagulla, bar ruwan ya zauna aƙalla awa 6 ba a buɗe famfo ba, ka ɗebi lita ɗaya ta farko. Mutane kan bar shi ya zuba tukuna, su zubar da abin da ake nema. Ka kai ɗakin gwaji mai rajista. 'Yan takardun gwajin da ake sayarwa sun fi arha, amma ban ga amfaninsu gaban alƙali ba.

Na huɗu, ka nemi hukuma a rubuce ta ba ka ranar da ta canja inda take ɗibar ruwa, sinadari ko matsi, da sakamakon gwajinta. Ranar tana da nauyi. A Filint ta Amurka, a Afrilun 2014 aka koma ɗibar ruwan kogi ba tare da sinadarin hana cin bututu ba, dalma ta shiga ruwan gidaje. A birnin Washinton ma dalma ta hau bayan an bar kulorin an koma kuloramin a 2000.

Na biyar, wa'adi. A wurare da yawa sai ka miƙa wa hukumar gwamnati takardar neman diyya kafin ka je kotu: kwana 90 a jihar Niyok, wata 6 a Kalifoniya idan kayan ɗaki ne suka lalace, shekara 1 idan ginin ne. Ga lauya a makon farko ya faɗa maka na wurinku. Haɗa rasit, ƙiyasin gyara daga mutum biyu, ka sanar da kamfanin inshorarka. Kada ka sa hannu a takardar da ke cewa an sallame ka kafin lauya ya karanta.

Ka tuntuɓi maƙwabta, domin gida ashirin da suka fara yoyo a wata ɗaya sun fi ƙarfin a ce tsufa ne, kuma za ku raba kuɗin masani. Sai dai ƙarar haɗin gwiwa tana jan lokaci. Sasantawar Filint ta kusan dala miliyan 626 sai a Nuwamban 2021 kotu ta amince da ita, kusan kashi 80 cikin 100 na yara ne, rabon ɓarnar gidaje kuwa kaɗan ne. Idan bututu da bango kawai ka yi asara, tambayi lauya ko ƙaramar kotu za ta fi maka sauri.