Yadda za ka cike ɓangarenka na fom ɗin APER ba tare da ka zalunci kanka ba

Duk ƙarshen shekara in fom ɗin APER, wato fom ɗin da ake auna aikin ma'aikacin gwamnati da shi duk shekara, ya iso makarantarmu daga ofishin sakataren ilimi, abu ɗaya nake gani kuma wallahi yana ci min rai. Malami ya shekara yana fama, ya sha ƙurar hunturu, ya tura mashin cikin taɓo da damina don dai kar yara su zauna ba darasi, amma ranar da aka miƙa masa fom sai ya ɗora a kan tankin mashin ya cike a minti biyar, wajen da aka ce ya faɗi ayyukan da ya yi a shekara ya rubuta kalma ɗaya tal, wai koyarwa, shikenan ya miƙo min. Ni hedimasta ne a wani ƙauye a nan Jigawa, ni nake cike ɓangaren mai duba aiki, shi ya sa nake so mu yi wannan magana da 'yan uwa malamai, da ma'aikatan asibitin karkara da malaman gona, don duk kusan fom iri ɗaya muke cikewa.

Na san abin da ke hana mu. An tashe mu a kan yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Toh amma wannan fom ba yabon kai aka ce ka yi ba, shaida aka ce ka bayar a kan aikin da ake biyanka albashi dominsa. Mutanen da za su zauna a Dutse ko hedikwatar ƙaramar hukuma su duba fayil ɗinka ranar furomoshin ba su taɓa zuwa ajinka ba, ba su san fuskarka ba, takardar nan ita ce kai a gabansu. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wadda jihohi ma galibi ita suke bi, mai lebul 06 zuwa ƙasa yana shekara 2 kafin a duba shi, daga lebul 07 zuwa 14 shekara 3, daga 15 zuwa sama shekara 4, kuma fom ɗin shekarun nan da suka wuce su ake zarowa. Kaga kenan abin da ka rubuta bana da gaggawa zai jira ka a gaba.

Aikin ba a Disamba yake farawa ba, tun Janairu ne. Ka sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan aji uku, ka ajiye shi a jakarka ko ƙarƙashin sit ɗin mashin, duk ranar Alhamis ko Juma'a kafin a tashi ka rubuta layi biyu ko uku: kwanan wata, me ka yi, mutum nawa, me ya biyo baya. Ba sai da Turanci ba, da Hausa ma ya isa, ko ajami in shi ya fi maka sauri. Wanda ya fi sabawa da waya yana iya tura wa kansa saƙo a WhatsApp ko ya riƙa ɗaukar hoton rajista, sai dai waya tana faɗawa ruwa tana ɓata, ni littafi na fi yarda da shi. Dalili kuwa ɗan Adam mantuwa gare shi, in Disamba ta zo abin da ka yi a watan nan kawai za ka tuna, wahalar zangon farko duk ta bi iska.

Akwai wata malama a wajenmu da ke riƙe da 'yan aji biyu. Da damina ta sauka ajinta ya kusa zama kango, maza sun tafi gona, mata an ɗora musu tallan gyaɗa da dafaffiyar masara. Baiwar Allah nan da la'asar sai ta yafa mayafi ta bi gida gida, ta zauna a tabarma da iyaye mata, wani gidan sai ta je sau uku, har ta samu mai unguwa da liman suka sa baki, yara suka dawo. Ni da idona na ga rajistar ta sake cika. Da ta kawo min fom ɗinta na duba, ko kalma ɗaya a kan wannan babu. Na ce Malama, ina zancen yaran da kika dawo da su? Ta sunkuyar da kai ta ce ranka ya daɗe ai wannan don Allah na yi. Na ce Allah ya karɓa, amma rubuta shi ba zai rage miki lada ba, kuma in ba ki rubuta ba ni ma ba ni da abin da zan jingina makin da zan ba ki a kai. Muka zauna a gindin darbejiya muka buɗe rajista muka ƙirga sunaye ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sake cikewa.

In fom ya zo hannunka kar ka taɓa shi da biro tukuna. Ka yi fotokwafi ranar kasuwa in ka shiga gari, ka fara gwaji a kan kwafin da fensir. Ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe, har ɓangaren da ba kai za ka cike ba, don ka san a kan me za a auna ka: zuwa aiki kan lokaci, sanin aiki, mu'amala da abokan aiki da jama'a, riƙon amana. Shafin farko na suna da ranar haihuwa da ranar ɗaukar aiki da ranar ƙarin girma na ƙarshe da lebul da sitef, kar ka cike da ka, ɗauko takardunka ka kwafa daidai yadda suke a fayil. Bambancin shekara ɗaya a ranar haihuwa ya isa ya tsayar da mutum a wajen tantancewa ya yi ta zirga-zirga.

Sai wajen ayyuka, nan ne zuciyar fom ɗin. Ka jero su daga mafi nauyi zuwa ƙasa, kuma kowane ka sa masa adadi da lokaci. Maimakon ka ce ina koyar da lissafi, ka ce misali na koyar da lissafi a aji huɗu da aji biyar, yara 130, darasi 20 a mako, na kammala manhajar zango biyu, na uku ya rage maudu'i biyu. Maimakon ina taimakawa wajen karatu, ka ce a farkon shekara yara kaza ne cikin kaza ke iya haɗa baƙi su karanta jimla da Hausa, a ƙarshen shekara sun kai kaza. Kai na asibiti ka faɗi mata nawa suka zo awo, yara nawa ka yi wa rigakafi, ƙauyuka nawa ka fita, rahoton wata nawa ka kai kan lokaci. Malamin gona ya faɗi manoma nawa ya zauna da su, gonar gwaji nawa, wane iri aka gwada. Kar ka manta da ayyukan da aka ɗora maka a gefe, riƙon rajistar makaranta, sakataren kwamitin SBMC na iyaye da al'umma masu kula da makaranta, kula da ɗakin ajiya, riƙe ajin wani da ya tafi hutun jinya, duk aiki ne kuma akwai gurbinsu. Abin da kuka yi a tare ka ce mun yi, sannan ka faɗi naka kason, kar ka haɗiye na abokin aikinka.

Kuma dan Allah kar ka ƙara gishiri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a ƙauye inda kowa ya san ranar da ka zo da ranar da ba ka zo ba. In ka rubuta adadin da rajista ba ta ɗauka ba, mai duba aikinka zai daina yarda har da gaskiyar da ke gefensa. Haka masu kai fom shagon kwamfuta a cike musu, ko su ari na aboki su kwafa, na taɓa karɓar fom uku masu jimla iri ɗaya har kuskuren rubutun iri ɗaya. Turancin ne ke ba mutane tsoro na sani, toh ka rubuta da Hausa tukuna, ka samu wanda ka yarda da shi ku mayar da shi Turanci mai sauƙi, gajerun jimloli. Ba gasar Turanci ake ba.

Wajen matsaloli kuma mutane kashi biyu ne, wasu su rubuta babu don tsoro, wasu su juye duk haushin shekara a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, faɗi za ka yi, amma ka faɗi abu uku a jere: me ya gagara, me ya jawo, me ka yi a kai. Misali ban gama manhajar zango na uku ba saboda ruwa ya yanke hanya makonni biyu, na rama wasu darussa da safe kafin asambili, sauran zan fara da su a zango mai zuwa. Mu nan da muka ga ambaliyar 2022 mun san wannan ba uzuri ba ne na ƙarya. In kuma laifin naka ne, ka makara da yawa a wani wata ko an taɓa ba ka kwiri, wato takardar tuhuma, ka faɗa a taƙaice da abin da ka gyara, ai yana cikin fayil ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Sunan mutum dai kar ya shiga, fom ba wajen ƙara ba ne. Gurbin horo ma kar ka bar shi fili ko ka ce kowane iri, faɗi takamaimai, bitar koyar da karatu a ƙananan azuzuwa, ko koyon kwamfuta, ko izinin ƙaro karatu daga NCE zuwa digiri.

Abu na ƙarshe da nake roƙonka, kar ka taɓa sa hannu a fom ɗin da ogan bai cike nasa ɓangaren ba. A da rahoton sirri ake rubutawa a kan ma'aikaci bai san me aka ce ba, kwamitin Udoji na 1974, wanda tsofaffinmu ke tunawa da shi saboda kuɗin ariyas, shi ya kawo shawarar a koma rahoto a buɗe, wato ka ga abin da aka rubuta a kanka kafin ka sa hannu. Haƙƙinka ne. Ka nemi minti goma ku zauna, ka zo da ɗan littafinka, in ka ga makin da ba ka gamsu ba ka ce yallaɓai a nuna min inda na gaza in gyara, in akwai hujja ka buɗe shafi ka nuna, in kun kasa daidaitawa akwai gurbin da za ka rubuta ra'ayinka cikin ladabi kafin fom ya wuce wajen na sama da shi. A wannan zaman ne kuma ya kamata ku yarda a kan abu biyu ko uku da za ka sa a gaba baɗi. Gwamnatin tarayya tun zamanin shugabar ma'aikata Folasade Yemi-Esan ta fara sauya APER da sabon tsari na PMS, inda tun farkon shekara ake rubuta abin da ma'aikaci zai cimma sannan a auna shi a kai, wanda ya saba da littafi ba zai sha wuya ba duk ranar da irin wannan ya iso gare mu.

In an gama sa hannu da hatimi, kafin fom ya bar makaranta ka ɗauki hoton kowane shafi, ka yi fotokwafi ɗaya ka sa a leda tare da takardar ɗaukarka aiki, can sama inda gara da ruwa ba sa kaiwa. Fayil yana ɓata a ofis, na ga wanda aka ce ya kawo na shekara uku ba shi da ko ɗaya. Sannan ranar kasuwa mai zuwa ka sayi sabon littafi, ka rubuta Janairu a shafin farko.