Yadda hukumar makaranta a Amurka za ta tsara shigar malaman addini cikin aikin ba ɗalibai shawara

A 2023 gwamnan Texas Greg Abbott ya sanya hannu a kan dokar SB 763, wadda ta ba makarantun gwamnati damar ɗaukar malamin addini, limami ne ko fasto ko wanin su, ya tallafa wa ɗalibai, da albashi ko a matsayin ɗan sa-kai. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, kuma aka ba kowace hukumar makarantun gunduma har zuwa 1 ga Maris 2024 ta kaɗa ƙuri'a a kai. Gundumomi 25 mafi girma a jihar duk sun ƙi. Florida ta biyo baya a 2024 da dokar HB 931. Hukumar da ta amince, ga aikin da ke gabanta.

A fara da rubuta iyakar aikinsa. Dokar Texas ba ta buƙaci malamin addini ya mallaki lasisin hukumar tantance malaman makaranta ba, alhali ƙwararren mai ba ɗalibai shawara sai da digiri na biyu. Nan ne ake yin tuntuɓe. Idan aka ɗebi kuɗi daga kason tsaron makaranta, wanda dokar ta yarda a biya shi da shi, aka maye gurbin ƙwararre da shi, yaron da ke fama da tsananin damuwa zai faɗa hannun wanda ba a koya masa gane alamomin ba. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantun Amurka tana son a samu mutum ɗaya ga ɗalibai 250. Kada a saka malamin addini cikin wannan lissafi. A rubuta ƙarara: yana saurare, yana lallashin wanda aka yi wa rasuwa, amma ba ya gano cuta, ba ya tsara magani.

Sai izinin iyaye. Majalisar Texas ta yi watsi da gyaran da ya nemi a wajabta shi, Florida kuwa ta wajabta izini a rubuce, ta kuma ce a wallafa sunayen malaman da addinin kowanne a shafin intanet na gunduma, iyaye su zaɓa. Ko a Texas tsarin Florida ya fi kwanciyar hankali. Uba Musulmi ko Kirista ya kamata ya san wa ke zama da ɗansa.

Tantancewa ba ta da wuya: binciken tarihin laifi da zanen yatsu, da takardar shaida daga majami'a ko masallacin da ya turo shi. Dokar Texas ta haramta ɗaukar duk wanda aka yi wa rajista kan laifin lalata.

Wa'azi shi ne inda ƙarar kotu ke fitowa. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini, kuma tun shari'ar Engel da Vitale a 1962 Kotun Ƙoli ta hana makaranta shirya wa ɗalibai addu'a. Saboda haka a hana kiran yaro zuwa wani addini, a hana raba littattafan addini a aji, kuma ɗalibi ne zai nemi ganawa da kansa. Ƙofar da aka buɗe wa wani an buɗe wa kowa: a Florida ƙungiyar Satanic Temple, mai danganta kanta da Shaiɗan, ta ce ita ma za ta turo mutanenta. Ƙa'idojin zaɓe su shafi horo da hali, ba aƙida ba.

A ƙarshe a tsara abin da malamin addini zai yi idan yaro ya faɗi magana mai nauyi. A Texas sirrin da ke tsakanin malamin addini da mai kawo masa kuka ba ya ɗauke masa wajabcin kai rahoton cin zarafin yaro. Tun farkon ganawa ya gaya wa yaron haka. Idan maganar kashe kai ce, kada ya bar shi shi kaɗai; ya kira ƙwararren makarantar nan take, a sanar da iyaye, a ba su lambar 988, layin wayar agaji ga masu tunanin kashe kai. Ganawa ta kasance a ɗaki mai taga ko ƙofa a buɗe, a kuma rubuta ranar da lokacin a rajistar ofis.